Yadda ake alkaki a ƙananan shagunan Minna

Shagunan kayan zaƙi da ke bin titin Bosso har zuwa Tunga kusan tsarinsu ɗaya ne: akwatin gilashi a gaba, kek da donat a jeren sama, cincin a leda, teburi biyu na masu son zama. Ɗaliban jami'ar fasaha kek suke nunawa da yatsa. Amma mai son sanin hannun mai shago, jeren ƙasa yake dubawa, ya ce a ba shi alkaki. Kek ana iya koyonsa a waya. Alkaki kuwa sai an zauna gefen wadda ta iya, an sha faɗa.

Alkamar da ake yin sa da ita ba ta nan ba ce, zafi da laimar Minna ba sa yi mata. Daga gonakin rani irin na Kadawa da kwarin Haɗeja take gangarowa kasuwar Kure. A wanke, a shanya, a kai inji, a tsaya a kan mai injin: ɓarzawa ake so, ba niƙa ba. In ya yi mata lilis, sai dai ki juya ta funkaso.

Sai a murza ɓarzajjiyar da man gyaɗa har in an dunƙula ta tsaya, a sa nono mai tsami ko ɗan yis, a kwaɓa da tauri, a rufe ya kwana. A zafin watan Maris kafin asuba ya tashi. Da hunturu sai hantsi. Da safe a yayyafa ruwan kanwa ya kashe tsamin, a kirɓa a turmi ya yi danƙo, a mulmula sili-sili a naɗe a yatsu biyu. Suya a wuta marar ƙarfi, don cikin ya soyu kafin bayan ya ƙone.

Da can wannan aikin tsofaffi ne. Biki ya matso, a aika a ɗauko gwanar unguwa, ta zauna a tsakar gida ita da turminta, ana biyanta bisa mudu, domin garar da ba alkaki da nakiya da dubulan abin gori ce a dangin miji. Yanzu jikokinsu ne ke karɓar oda ta WhatsApp, bokiti-bokiti, ragowar su sa a gilashi. Suna da dalili: a jihar da ke da Kainji da Shiroro da Zungeru, wuta sai ta ga dama, kek mai kirim kuma ba ya yini ba firji. Alkaki ba ruwansa.

Inda ake raba gwana da 'yar koyo shi ne ruwan sukari. A ɗora sukari da ruwa, a juya har ya narke, daga nan a cire ludayi a bar shi. Yawan juyawa ne ke sa ya koma tsaki-tsaki a jikin tukunya. A matsa lemon tsami, shi ke hana shi ƙanƙarewa. Masu son launi mai duhu ruwan tsamiya suke sawa. Neja ƙasar rake ce, tun 2018 akwai masana'antar sukari a Sunti kusa da Mokwa, amma har yau tsofaffi sun fi yarda da zuma, kuma ban ga laifinsu ba.

Gwana ba ta duba agogo. Takan ɗiga kaɗan a ruwan sanyi: in ya baje, da saura, in ya zauna a ƙasa da laushi, ya yi, in ya yi ƙwal, an wuce gona da iri, alawa aka dafa. Wata tsakanin yatsa da babban yatsa take gwadawa, ta ga ya ja zare ɗaya siriri. Da damina a ƙara masa dahuwa kaɗan, saboda laima na sa alkaki ya saki.

Daga kasko kai tsaye ake tsoma shi, yana da zafi, ruwan sukarin kuma da ɗumi, ba yana tafasa ba. Za ki ji wani ɗan "cuu", shi ne alamar yana sha. Ki danna shi da matsami ya nutse, ki bar shi har na cikin kasko ya kusa fitowa. Kika yi gaggawa, baya ya yi ƙyalli ciki kuwa gayau. Kika manta shi, ya jiƙe ya wargaje. Kuma ruwan yana ƙara kauri ana cikin aiki, don haka a ajiye tafasasshen ruwa a kusa, ana ɗan tsarga masa.

Mai saye ya karya ɗaya ya duba: zaƙin ya ratsa har tsakiya, gefe na da ɗan garas, ba ya manne wa haƙori. A kwando ake tsane alkakin ya sha iska sosai kafin a rufe, domin wanda aka rufe da ɗumi gumi yake yi, kwana kaɗan ya yi funfuna.