Yadda Ake Shaida Spiraea ta Daji a Fadamun Amurka

A cikin aikinmu na masu nazarin tsirrai, waɗanda ake kawo wa ganye da fure a matse cikin takarda domin mu tantance sunansu, babu abin da ya fi sosa mini rai kamar in ga an tumɓuke shuka 'yar ƙasa bisa zaton baƙuwa ce mai ɓarna, alhali kuwa da an yi haƙuri an juya ganyenta guda ɗaya, da ba a kai ga wannan hasara ba. Cikin masu shan wannan zalunci a fadamun gabashin Amurka da Kanada akwai Spiraea tomentosa, wani ɗan itace daga dangin wardi, wanda Linnaeus ya raɗa wa suna a 1753, tsayinsa kuwa bai cika wuce mita ɗaya da 'yan kai ba.

Musabbabin ruɗanin shi ne, tsakanin Yuli da Satumba yakan fitar da fure mai ruwan hoda, a tsaye kamar hasumiya, a daidai lokacin da Lythrum salicaria, ciyawar nan da ta shigo daga Turai a farkon ƙarni na 19 ta mamaye fadamu, take fitar da nata. Wanda ya hango su daga bakin hanya kuwa, sai ya yanke hukunci da launi kaɗai, launi kuwa a wannan fanni shi ne mafi raunin hujja.

Hujja mai ƙarfi tana ga ganye da kara. Ganyen Spiraea ɗai-ɗai yake fitowa, wannan a dama wancan a hagu sama da shi, gefensa da haƙora, bayansa kuma lulluɓe da gashi mai laushi, fari-fari ko ja-ja, wanda yatsa yake ji tun kafin ido ya tabbatar. Karansa itace ne mai tauri, mulmulalle. Ita kuwa baƙuwar, karanta mai kusurwa ne, galibi huɗu, ganyenta biyu-biyu suna fuskantar juna, gefensu sumul.

In har shubuha ta saura, sai a dubi furen da tabarau mai ƙara girma, domin kowane ƙanƙanin fure na Spiraea kunnuwa biyar gare shi, da zaruruwa masu yawa da suka zarce su har gungun ya yi kamar yana da gashi, kuma, abin da har yau yake ba ni sha'awa, daga ƙololuwa yake soma buɗewa ya gangaro ƙasa. Da sanyi ya kama, baƙuwar ciyawar takan mutu har ƙasa ta sake tohowa daga saiwa, amma Spiraea takan tsaya da karanta a raye, ɗauke da busassun kwanson iri biyar-biyar. 'Yar'uwarta Spiraea alba, wadda sukan zauna fadama ɗaya, furenta fari ne, bayan ganyenta kuma ba shi da wancan gashi mai kauri.