Ɗan Kasuwa a Ajin Kasuwanci: Makin da Ke Zubewa Kafin Ranar Jarrabawa

Tambaya: Ina aji ɗaya a jami'a, sashen nazarin kasuwanci. A shagon mahaifina a Kantin Kwari na tashi, tun ina firamare nake auna yadi. Da na ga kwas ɗin gabatarwa ga kasuwanci a zangon farko sai na ce wannan nawa ne, na mai da hankali kan lissafi. Ranar lakcar kuma ta faɗo a ranar da kaya ke sauka, saboda haka sau da yawa ina shago. Yanzu an yi tes ba na nan, jingar rukuni babu sunana, kuma malamin ya ce duk wanda bai cika kashi 75 na halarta ba ba zai zauna jarrabawa ba. Saura mako huɗu. Abokaina sun ce in sa Baba ya nemo wanda ya san shi. Ina mafita?

Amsa: Allah Ya yi wa karatu da kasuwa albarka. Shawarar abokanka ka ajiye ta a gefe tukuna, za mu zo kanta. Mu fara da lissafi, tunda shi ka fi yarda da shi.

A jami'o'in Najeriya makin kowane kwas kashi biyu ne. Gwaje-gwajen cikin zango, wato tes da jinga da gabatarwa a gaban aji, suna ɗaukar 30 ko 40 cikin 100, jarrabawar ƙarshe ta ɗauki 70 ko 60. Makin hayewa a yawancinsu 40 ne. A ce tsarinku 30 da 70 ne. Wanda ya tara 22 a cikin zango, 18 kacal yake nema a jarrabawa ya tsira, in kuwa ya kawo 48 ya samu A. Kai da ka shiga hannu rabbana, sai ka ci 40 cikin 70 kafin a ba ka E, mafi ƙanƙantar sakamakon da ake hayewa da shi, sai ka ci 50 kafin ka ga C. Idan tsarin 40 da 60 ne, kashi biyu cikin uku na takardar za ka cinye kafin ka haye. Ana iya yi, amma ba wanda ya rasa rabin lakcoci ne ya saba yi ba.

Halarta kuwa ta fi tes haɗari, don ita ke buɗe ƙofar ɗakin jarrabawa. Kwas ɗin da ake zama sau ɗaya a mako, idan an yi zama 15, fashi huɗu ya saukar da kai ƙasa da kashi 75. Idan yajin aiki ko jinkirin rajista ya matse zangon ya koma zama 12, fashi huɗun nan dai ya kai ka kashi 67. Ɗalibai da yawa suna tsammanin sai an yi wata biyu ba a leƙa aji ba ake faɗawa wannan rami. Wata ɗaya ya isa.

Sai abin da faɗuwa ke yi wa matsakaicin maki. A sikelin maki biyar, A biyar ce, B huɗu, har zuwa F da ba ta da komai. Ɗauka ka yi rajistar yunit 18, ka ci B a kowane kwas sai wannan mai yunit uku da ka faɗi. Maimakon 4.00, za ka tashi da 3.33, ka sauko daga matakin digiri na biyu babba, wanda ke farawa daga 3.50, zuwa na biyu ƙarami. Sannan kwas ɗin ya bi ka aji biyu a matsayin kariyoba, yana cin karo da jadawalin sababbin kwasa-kwasai. 'Yan kwalejin fasaha da ke ƙarƙashin hukumar NBTE sikelinsu na maki huɗu ne, A ɗinsu daga 75 take farawa, amma ciwon iri ɗaya ne.

Duk waɗannan ƙa'idoji suna cikin takardar tsarin kwas da malami ke rabawa ko karantawa a makon farko, da littafin jagoran ɗalibai da aka ba ku lokacin rajista. Takardar nan kamar yarjejeniyar hayar shago take: ranar biya a rubuce, sharaɗin tashi a rubuce, kuma "ban karanta ba" ba ya hana mai rumfa sa kwaɗonsa. Ka nemo ta yau daga wakilin ajinku.

Yanzu bari in taɓa abin da ya kai ka nan, don in ba a gyara shi ba, ko an bar ka ka shiga jarrabawar ba za ta yi kyau ba. Ka ce kwas ɗin naka ne. Rabinsa naka ne, ban musa ba. Kasuwa makaranta ce, kuma Kano ta yaye manya. Alhassan Ɗantata, da ya rasu a 1955, daga fataucin goro zuwa Gwanja ya kai ga zama babban mai sayen gyaɗa ba tare da ya zauna ajin lakca ba. Ka san yadda ake karanta fuskar mai saye, ka san wa ake ba bashi wa ake hanawa, ka san lokacin da atamfa ke tashi gab da salla. Malaminka ma wataƙila bai kai ka a nan ba. Amma jarrabawa ba ciniki za ta tambaye ka ba. Za ta tambayi abubuwan da kasuwa ke yi ba tare da ta ba su suna ba, da waɗanda ba ta cika yi ba sam.

Ga misali. Ka sari turmi a naira 8,000, ka sayar 10,000. Ribarka kashi nawa ce? Ɗan kasuwa zai ce 25, don a kan kuɗin sari yake aunawa. Littafi zai ce wannan amsa ce ga tambaya ɗaya, akwai ta biyu: idan a kan kuɗin sayarwa aka auna, kashi 20 ne. Kowace da sunanta a Turance, kuma wanda ya musanya su ya rasa makin. Ko kuma a ce maka hayar shago da albashin yaro da kuɗin wuta da mai sun kama naira 100,000 a wata, ribar kowane turmi 1,000. Turmi nawa za a sayar kafin a fara maganar riba ta gaskiya? Ɗari. Na ɗari da ɗaya ne farkon naku. Shaguna da yawa ba su taɓa zama sun fitar da wannan adadi ba, shi ya sa ake ganin ciniki na gudana, aljihu na cika da yamma, amma uwar kuɗi tana ramewa a ɓoye.

Babban darasin kwas ɗin, a ganina, shi ne raba mai dukiya da kasuwancinsa. A shagunanmu aljihun Alhaji da akwatin shago abu ɗaya ne: daga nan cefane, daga nan kuɗin makaranta, daga nan gudunmawar biki. Aji zai nuna maka cewa kamfani mai rajista mutum ne a idon doka, yana mallaka, yana cin bashi, ana ƙararsa, daban da wanda ya kafa shi. Za ku ji labarin shari'ar Salomon, wani mai sana'ar takalma a Ingila, wadda kotun ƙoli ta Majalisar Dattawan ƙasar ta yanke a 1896, ta tabbatar da cewa bashin kamfani ba bashin mai shi ba ne. A nan gida, dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum guda damar kafa kamfani mai iyakantaccen alhaki shi kaɗai, abin da a da sai mutum biyu. Akwai bambanci mai nisa tsakanin wannan da rajistar sunan kasuwanci kawai a hukumar CAC, inda idan bashi ya taso har gidan mutum yana iya shiga ciki. Duk wanda ya ga yadda babban shago ke watsewa bayan rabon gado ya san wannan babi ba na cin jarrabawa kaɗai ba ne.

Sauran sassan za ka wuce su da sauri in ka zauna: ayyukan gudanarwa da Bafaranshe Henri Fayol ya zayyana a 1916, rukunan tallata haja huɗu da Jerome McCarthy ya tsara a 1960, wato haja da farashi da wuri da talla, da rubutun shiga da fita mai gefe biyu da Luca Pacioli ya bayyana a littafinsa na 1494. Babin haɗin gwiwa ma ba baƙo ba ne ga wanda ya ji musharaka da mudaraba a makarantar zaure. Aikinka shi ne ka ɗaura wa kowane suna abin da ka riga ka sani a shago, sannan ka iya rubuta shi da Turanci a tsare. Malamai suna son amsar da ke ɗauke da misali na gaske, kuma a nan ka fi 'yan ajinku jari.

To, me za ka yi a mako huɗun nan?

Da farko ka san matsayinka da adadi. Ka tambayi wakilin aji zama nawa aka yi, nawa ka sa hannu, nawa suka rage. Wani lokaci idan mutum bai ƙara fashi ba yana iya kaiwa gaci, ko ya matso kusa yadda magana za ta yiwu. Daga yau kada ka sake rasa zama ko ɗaya, kuma ka zauna gaba inda za a gan ka.

Sannan ka je wurin malamin da ƙafarka, a ofis, a lokacin da ya ware wa ɗalibai. Kada ka tare shi a bakin mota ko a masallaci, kada ka kira shi da dare. Ka gaishe shi, ka faɗi sunanka da lambarka, ka faɗi gaskiya: shago ne ya ɗauke ka, kuma ka raina kwas ɗin. Abin da za ka roƙa shi ne aiki, ba maki ba. Ka tambaya ko akwai tes na biyu, ko za a yi na cike gurbi, ko zai yarda ka yi jingar kai kaɗai ko ya saka ka a rukunin da bai gabatar ba tukuna. Ka sani wannan ganin damarsa ne, ba haƙƙinka ba. Uzurin da dokar makaranta ta sani shi ne irin rashin lafiya mai takardar asibitin makaranta, ko rasuwa, kuma ana so a kai rahoto a rubuce a kan lokaci. Saukar kaya ba ta cikin jerin. Kada kuma wani ya ba ka shawarar sayo takardar asibiti. Laifin fashi kariyoba ne, laifin takardar bogi kwamitin ladabtarwa ne.

Idan malamin ya ce batun halarta ya fi ƙarfinsa, ka nufi kodinetan ajinku da takarda a rubuce, ta hannunsa zuwa shugaban sashe, ka riƙe kwafi. Kada ka tsallake mataki ka faɗa ofishin shugaban tsangaya.

Batun a nemo wanda ya san malami, ban goyi baya ba. Mun saba da alfarma, kuma wani lokaci tana aiki, amma dubi abin da take jawowa. Malamin da aka turo wa babban mutum kafin ɗalibin ya zo da kansa yakan ji an raina shi, kuma kana da shekara uku ko fiye a hannun sashen nan. Kyauta kuwa, ko turmi ɗaya ne, kada ta kusanci ofishinsa. Za ka jefa kanka da shi cikin abin da ya fi faɗuwa muni. Haka sa aboki ya riƙa sa maka hannu a takardar halarta: ranar da aka ƙirga kawuna aka ga sun gaza sunaye, ku biyu za ku amsa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Aikin da ya dace da Baba daban ne, kuma ya fi muhimmanci. Ka kai masa jadawalin lakcocinka a rubuce, ka nuna masa lissafin da na yi maka a sama. Iyaye da yawa a kasuwa suna ɗauka jami'a sai lokacin jarrabawa ake zuwa, ba don rashin kula ba, don ba wanda ya zauna ya yi musu bayani. Mutumin da ke biyan kuɗin rajista ba zai so a ƙara masa shekara ba. A samu wanda zai tsaya wa kaya ranar lakca, kai ka karɓi Asabar da Lahadi.

Idan an ba ka damar jinga, ka yi ta a kan shagonku, da izinin Baba, ba tare da ka tona sirrin cinikinsa ba. Kada ka kwafo daga intanet ko ka sa manhajar waya ta rubuta maka. Malamin da ke duba takardu ɗari uku yana gane jimlar da ba ta ɗan aji ɗaya ba, kuma tambaya ɗaya a gaban aji ta isa ta tona. Ka miƙa kafin ranar da aka sa, ka sa hannu a takardar karɓa. Ranar jarrabawa kuma waya ta kwana a gida ko a jaka a waje, don a makarantu da yawa samunta a jikinka laifi ne ko a kashe take, kuma dokar maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi tara da ɗauri, ban da korar da makaranta ke yi.

Yana yiwuwa ka yi duk wannan a ce maka a'a. In haka ta faru, kada ka bar takaici ya ci sauran kwasa-kwasan. Su za su riƙe maka matsakaicin maki. Ka ci gaba da shiga ajin duk da haka, don baɗi ka shigo da sani. Lokacin rajistar aji biyu, kwas ɗin da ka faɗi shi ake fara sakawa kafin sababbi, kuma sabon tes da sabuwar halarta za ka yi, na bana ba sa bin ka. In kuwa an bar ka ka zauna, ka adana takardar tes da kwafin jinga har sakamako ya fito. Idan ka ga gurbin makin zango babu komai, ka kai su wurin jami'in jarrabawa na sashe a makon da aka liƙa sakamakon, kafin a tura shi majalisar jami'a ta amince.