Kwamitin Shawara na Mutanen Gari da Aikin Kula da Dabbobi a Biranen Amurka

1.0 Gabatarwa

Wannan darasi zai yi nazari ne a kan wani ɓangare na mulkin birni wanda ba kasafai ake waiwayarsa ba, wato yadda mutanen gari, waɗanda ba ma'aikatan hukuma ba ne, suke sa baki a aikin kula da dabbobi a biranen ƙasar Amurka. A can, yawancin birane da gundumomi suna da sashen da aka ɗora wa alhakin kama karnuka da kyanwoyi masu gararamba, da binciken cizo, da tabbatar da an yi wa dabbobin gida allurar riga-kafin ciwon haukan kare, da kuma tsare dabbar da aka kama har mai ita ya zo. Idan kuwa bai zo ba, to tilas wani ya yanke hukunci, ko dai a nema mata sabon uban gida, ko a kashe ta da allura. Wannan hukunci shi ne ya sa aikin yake da nauyi, shi ne kuma ya sa birane da yawa suka ga bai dace a bar wa ma'aikata su kaɗai ba. Ana fatan ɗalibi zai iya bayyana yadda ake kafa irin wannan kwamiti, da inda ƙarfinsa yake, da kuma inda yake gazawa.

2.0 Asalin Aikin

A ƙarni na 19, abin da ya dami hukumomin biranen Amurka game da karnuka shi ne tsoron cizon mahaukacin kare. Saboda haka aikin bai wuce kamawa da hallakawa ba. A birnin Nuyok, a wajajen 1877, ana zuba karnukan da ba a zo nema ba a cikin wani babban keji na ƙarfe, a nutsar da su a kogi. Irin wannan ɗanyen aiki ne ya zaburar da masu rajin tausaya wa dabbobi. A 1866 Henry Bergh ya kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi ta Amurka a Nuyok. A 1869 kuma Caroline Earle White da wasu mata suka kafa tasu a Filadalfiya, ba da daɗewa ba suka karɓi ragamar gidan da birnin yake tsare dabbobi. Ita ma ƙungiyar Bergh ta karɓi aikin Nuyok a 1894, ta riƙe shi shekara 100 kafin ta mayar wa birnin da kayansa.

Abin lura a nan shi ne, tun daga tushe aikin yana da fuska biyu. Ta farko ita ce kare mutane daga sharrin dabba, ta biyu kuma kare dabba daga zaluncin mutane. Fuskar farko ta yi nasara ƙwarai, domin a 2007 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayyana cewa an kawar da nau'in ciwon hauka da ke yaɗuwa tsakanin karnuka a ƙasar, ko da yake cutar tana nan a jikin jemagu da wasu namun daji. Fuska ta biyu ma ta samu ci gaba. A shekarun 1970 an ƙiyasta cewa ana kashe karnuka da kyanwoyi fiye da miliyan 12 kowace shekara a gidajen tsare dabbobi, amma zuwa 2019 adadin ya sauko ƙasa da miliyan 1. Duk da haka fuskokin biyu ba su daina karo da juna ba, kuma zauren kwamitin shawara yana ɗaya daga cikin wuraren da suke haɗuwa.

3.0 Yadda Ake Kafa Kwamitin

Galibi majalisar birni ce take kafa kwamitin da doka, kansiloli ko magajin gari su naɗa mambobinsa na wani ƙayyadadden lokaci, kuma yawanci ba a biyansu albashi. A jihar Tekzas abin ya wuce ganin dama. Babi na 823 na dokar lafiya ta jihar ya wajabta wa birni ko gundumar da ke da gidan tsare dabbobi ta naɗa kwamitin shawara, in ban da gundumomin da mutanensu ba su kai 75,000 ba. Dokar ta fayyace cewa lallai a samu aƙalla likitan dabbobi mai lasin guda, da jami'in birni ko gunduma, da wani wanda aikinsa na yau da kullum gudanar da gidan dabbobi ne, da wakilin wata ƙungiyar jin ƙan dabbobi. Haka kuma tilas su zauna aƙalla sau 3 a shekara.

Idan ɗalibi ya dubi waɗannan kujeru huɗu, zai ga hikimar da ke ciki. Likita ya san cuta, jami'i ya san aljihun hukuma, ma'aikaci ya san abin da zai yiwu da hannuwan da ake da su, ɗan ƙungiya kuwa shi ne mai magana da yawun wadda ba ta da baki. Sai dai akwai kujerar da dokar ba ta ambata ba, wato ta talakan unguwa wanda ba ya kiwon kare, amma 'ya'yansa suke bin hanyar da karnuka suke watayawa. Za mu sake komawa kan wannan giɓi a gaba.

4.0 Ƙarfin Kwamitin da Iyakarsa

Wajibi ne a bambanta kwamitin shawara da hukumar da ke da ikon zartarwa. A Los Anjalis, alal misali, akwai kwamishinoni 5 da magajin gari yake naɗawa, waɗanda suke sa ido a kan sashen dabbobi, har ma su saurari ƙarar wanda aka yanke wa karensa hukunci. Kwamitin shawara ba shi da wannan iko. Ba ya ɗaukar ma'aikaci, ba ya kora, ba ya raba kuɗi. Abin da zai iya shi ne ya nemi bayani, ya saurari jama'a, ya rubuta shawara zuwa ga majalisa, ita kuma ta ɗauka ko ta ajiye.

To, ina amfanin wanda ba ya iya tilasta wa kowa? Amfaninsa na farko shi ne zamansa a bainar jama'a yake. A jihar Kaliforniya, dokar Brown ta 1953 ta tanadi cewa a bayyana ajandar zaman da aka saba yi sa'o'i 72 kafin a zauna, a kuma ba jama'a damar magana. Ke nan shugaban sashen dabbobi zai zo ya faɗi yawan dabbobin da suka shigo, da waɗanda aka mayar wa masu su, da waɗanda aka kashe, alhali 'yan jarida da 'yan sa-kai suna zaune suna rubutawa. Alƙaluman da aka karanta a gaban mutane wata bayan wata ba su da sauƙin ɓoyewa. Na biyu, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. 'Yan sa-kai da suke wanke keji suna fitar da karnuka yawo sun san abubuwan da ba sa shiga rahoton ofis. Na uku, kansila yana da harkoki barkatai a gabansa, daga ruwan sha zuwa 'yan sanda, don haka yakan so a kawo masa magana wadda aka riga aka tace.

5.0 Misalin Birnin Ostin

Ostin, babban birnin jihar Tekzas, shi ne misalin da ya fi fito da wannan al'amari fili, ta alheri da ta akasinsa. Kafin 2008, kusan rabin dabbobin da suke shiga gidan tsare dabbobi na birnin ba sa fita da rai. Masu fafutuka suka matsa, kwamitin shawara kan dabbobi na birnin ya tattara shawarwari, majalisa ta umarci ma'aikata su zauna da kwamitin su fito da tsarin aiwatarwa. A watan Maris na 2010 majalisar ta amince da tsarin, wanda ya sa burin cewa kashi 90 cikin 100 na dabbobin da suka shigo su fita da rai. Daga cikin abin da ya ƙunsa akwai hana kashe dabba matuƙar akwai kejin da babu kowa a ciki, da faɗaɗa ba da dabbobi riƙo a gidajen mutane, da ƙarfafa fiɗiya da aikin hana haihuwa, da haɗa kai da ƙungiyoyi irin su Austin Pets Alive! masu kwashe dabbobin da suke bakin mutuwa. A 2011 birnin ya cimma wannan buri, aka riƙa kawo shi misali a faɗin ƙasar. A 2019 majalisa ta ɗaga mizanin zuwa kashi 95.

Wannan nasara ce ta gaske, kuma bai kamata a rage mata daraja ba: dubban dabbobi sun rayu saboda wasu mutane da ba a biyansu ko sisi sun nace. Amma ɗalibi ya lura da abin da kwamitin ya yi a zahiri. Ya taimaka ne wajen zaɓen ma'aunin da za a riƙa auna aikin sashen da shi, wanda ya zaɓi ma'auni kuwa ya juya akalar aiki gaba ɗaya, ko da ba shi ne ke riƙe da linzami ba. Da zarar an ce kashi 95 shi ne nasara, to duk wani ma'aikaci zai karkata ga abin da zai kare wannan adadi. Adadin kuwa yana ƙidaya waɗanda suka fita da rai ne kawai. Ba ya faɗin watanni nawa kare ya yi a keji, ba ya kuma ƙidaya wanda aka ƙi karɓa tun daga bakin ƙofa.

Abin da ya biyo baya ya tabbatar da haka. A 2022 gidan dabbobin ya cika maƙil, har aka riƙa ajiye karnuka a ƙananan kejunan wucin gadi, daga bisani aka taƙaita karɓar sababbin dabbobi sai na larurar gaggawa. Ma'anar wannan ita ce, wanda ya tsinci kare a titi ba lallai ne ya sami inda zai kai shi ba. A wannan shekarar ce kwamitin ya kaɗa ƙuri'ar yanke ƙauna ga shugaban sashen. Ƙuri'ar ba ta tsige shi ba, domin kwamitin ba shi da ikon haka, kuma ya ci gaba da riƙe muƙaminsa. Sai dai majalisa ta ba da umarnin a gudanar da bincike, rahoton ofishin mai binciken birni ya fito a 2023 yana nuna cunkoso, da raunin kulawa, da tsamin dangantaka tsakanin sashen da abokan aikinsa. A farkon 2024 majalisar ta gyara doka domin a sami damar kashe karen da ya yi mummunan cizo ba tare da an miƙa shi ga wata ƙungiya ba.

A ganinmu, babban darasin Ostin yana ga kujerar nan da muka ce babu ita. Masu neman shiga irin wannan kwamiti, da masu halartar zamansa, galibi masoya dabbobi ne, masu lokaci da abin hawa. Mazaunin unguwar marasa ƙarfi, inda karnukan da aka sake suka fi yawa, yana wurin aiki ko yana gida da yara a lokacin da ake zaman. Idan muryarsa ba ta isa zauren ba, sai shawarar ta rinjaya gefe guda ba tare da kowa ya yi nufin zalunci ba.

Birnin San Faransisko ma ya ga ɓangarorin biyu. Kwamitinsa ya goyi bayan a hana cire wa kyanwa farata, majalisa ta mayar da shi doka a 2009. Amma da ya kawo shawarar hana sayar da dabbobin gida a kantuna, wadda a 2011 ta haɗa har da kifayen ado, sai abin ya zama abin ba'a a jaridu, majalisa kuma ba ta ɗauka a yadda ya kawo ba.

6.0 Alaƙarsa da Ƙananan Hukumominmu

Kada ɗalibi ya ɗauka wannan batu bai shafe mu ba. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya sanya kula da kiwo da zirga-zirgar dabbobin gida a cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Har wa yau, ciwon haukan kare da Amurka ta kawar daga karnukanta yana kashe mutane kimanin 59,000 a duniya kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma masana sun nuna cewa yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura yana katse yaɗuwarsa. Likitan dabbobi ba zai kai ga wannan adadi ba sai da mai unguwa da mafarauta da masu gadi, waɗanda suka san gidan da kowane kare yake kwana.

7.0 Auna Fahimta

1. Bambanta kwamitin shawara da hukumar da ke da ikon zartarwa, tare da kawo misali daga darasin.
2. Waɗanne abubuwa ne ma'aunin kashi 95 na birnin Ostin bai ƙidaya ba? Kawo wani ma'auni da kake ganin ya dace a haɗa da shi.
3. Da za a kafa irin wannan kwamiti a ƙaramar hukumarku, su wa za ka ba kujera? Rubuta bayanin da bai wuce shafi 2 ba, ka kare zaɓinka da hujjoji.