Ganyen Itacen Bakin Teku

A bakin teku, wajen Fatakwal, akwai itace mai tsiro cikin laka da ruwan gishiri, ana ce da shi mangurof. Kada mu ɗauka mangwaro ne. Yana da bauri irin na bagaruwar majema.

Masana sukan jiƙa ganyensa, su ɗiga ruwan cikin faranti inda suka shuka ƙwayoyin cuta, irin masu kawo maruru. Kashegari, sau da yawa, sai a ga fili kewaye da ɗigon, gama ƙwayoyin sun kasa yaɗuwa wurin.

Amma mu lura, faranti ba jikin mutum ba ne. Sai an gwada, an san yawan da ba zai cuci hanta ba, kana likita ya bayar. In maruru ya kawo zazzaɓi, mu kai mai shi asibiti.