KAFIN KA SAYI SOLA A GONARKA: DARASI KAN HASKE, ƊUMI DA RUWA



Tambayar da ta fi yawan shigo mana a 'yan watannin nan ita ce: "Sola ta nawa za ta riƙe mini gona?" Kuma tambayar tana kan hanya. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin mai, farashin litar fetur na gwamnati bai kai N200 ba. Zuwa ƙarshen 2024 ya haura N1,000 a gidajen mai da yawa. A Afrilun 2024 kuma aka mayar da kuɗin wutar 'yan rukunin A zuwa N225 kowane yunit. Janareton da a da ba a sa shi a lissafi, yanzu shi ne abokin rabon ribarka.

To amma sola ba ta maganin ɓarna. Wanda randarsa take yoyo, ba ƙarin ɗan garuwa yake buƙata ba, toshe ɓular zai fara yi. Darasin yau kenan: ka fara rage abin da gonarka take ci, sannan ka san aikin da ya dace da sola da wanda zai cinye maka jari a banza.

1. LISSAFIN DA BA YA BUƘATAR INJINIYA

Duk kayan wuta akwai lamba a jikinsa mai harafin W, wato wat. Ka ninka ta da awannin da kayan yake aiki a rana, ka samu abin da yake ci. Ƙwan fitila mai wat 60 da ya yi awa 4 a kunne ya ci 240. In suka taru suka kai 1,000, yunit ɗaya kenan, irin wanda kake gani a mita.

Shi kuma fanel ɗin sola, a Arewa muna samun kamar awa 5 zuwa 6 na rana mai ƙarfi. Amma ƙura da zafi da waya da batir duk suna cin nasu kason. Saboda haka ka ninka wat ɗin fanel da 4 kawai, don kada lissafi ya yaudare ka. Fanel mai wat 400 zai ba ka kusan 1,600 a rana, wato yunit ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya.

Riƙe waɗannan biyun, da su za mu yi aiki har ƙarshe.

2. ƊUMAMA 'YAN TSAKI: NAN BA WURIN SOLA BA NE

Ɗan tsako a satin farko yana buƙatar ɗumi digiri 32 zuwa 35, sai a riƙa rage kamar digiri 3 duk sati har gashinsa ya cika. Da hunturu kuwa sanyin asuba kan sauka ƙasa da digiri 15. Shi ya sa wasu suke cewa bari su haɗa jan ƙwan ɗumama da sola su huta da gawayi.

Mu buga lissafi. Jan ƙwai ɗaya mai wat 250, dare da rana, awa 24, ya ci 6,000, yunit shida. Fanel huɗu masu wat 400 kenan saboda ƙwai ɗaya tak. Ƙwan nan kuma abin da zai ɗumama da kyau bai wuce tsaki 100 ba. In kana da 500, ƙwai biyar, yunit 30 a rana, fanel kusan ashirin, ban da tulin batiran da za su riƙe dare. Duk don aikin sati biyu zuwa uku. Ka ga ai ba ciniki.

Gawayi ko gas sun fi araha nesa ba kusa ba. Abin da za ka gyara shi ne yadda ɗumin yake gudu:

• Kada ka ɗumama ɗaki gaba ɗaya. Ka kewaye 'yan tsakin da kwali ko fallen silin, da'ira mai tsayi kamar zuwa gwiwa, kana faɗaɗa ta suna girma.
• Ka sauke labulen buhu ko tamfol a jikin raga, musamman ɓangaren da iskar hunturu take bugowa, amma ka bar kafa ta sama don iska ta fita.
• Ka shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko dusar katako mai kauri kamar faɗin yatsu huɗu. Siminti tsirara yana zuƙe ɗumin jikinsu.
• Gawayi a waje ake hura shi, sai ya yi ja hayaƙi ya ƙare a shigo da tukunyar. Ɗakin da aka toshe ruf da gawayi a ciki yana tara iska mai guba wadda ba ta da wari. Tana kashe tsaki, tana kashe yaron da ya kwana a ciki yana gadinsu. Wannan ba abin wasa ba ne.

In ba ka da ma'aunin zafi, su kansu za su gaya maka. Sun cunkushe a jikin tukunya suna kuka, sanyi suke ji. Sun gudu gefe suna haki, zafi ya yi yawa, kana ƙona gawayi a banza. Sun bazu suna ci suna sha, daidai kenan.

3. HASKE: NAN SOLA TAKE MAYAR DA KUƊINTA DA WURI

Kaji masu ƙwai suna son haske kamar awa 16 a rana don ƙwai ya tsaya. Hasken ranarmu kuma yana tsakanin awa 11 da rabi zuwa kusan 13, gwargwadon lokacin shekara. Ƙarin kamar awa 4 kawai ake nema, biyu kafin gari ya waye, biyu bayan magariba. Barin fitila har safe ba ya ƙara ƙwai, sai dai ya ƙara kuɗin mai, su ma kajin suna buƙatar duhu su huta.

Mu ɗauka ɗakinka yana da ƙwan fitila goma. Tsohon ƙwai mai zafi, wat 60: 10 × 60 × 4 = 2,400. Ƙwan LED mai wat 9, wanda haskensa ya yi kusan daidai da wancan: 10 × 9 × 4 = 360. Ba ka sayi fanel ko ɗaya ba tukuna, amma ka rage buƙatarka fiye da sau shida.

Yanzu sai sola. Fanel ɗaya mai wat 200 yana ba da kusan 800 a rana. Batir mai bol 12 da amfiya 100 yana ɗaukar 1,200, amma in irin na ruwa ne ko na jel, rabi kawai ake taɓawa, wato 600, in ba haka ba ya mutu da wuri. Fanel ɗaya, batir ɗaya, ƙaramar kwantirola da taima, an gama.

Kwatanta da ƙaramin janareto. Mu ce yana shan rabin lita a awa: awa 4 sau kwana 30, lita 60 a wata. In lita N1,000 ce, N60,000 kenan, ban da baƙin mai da fulogi da kuɗin mai gyara. Sa farashin garinku, sannan ka raba da kuɗin kiret ɗaya na ƙwai, ka ga kiret nawa kajinka suke yi wa gidan mai duk wata.

Gargaɗi ɗaya: da zarar sun fara ƙwai kada ka rage musu awannin haske, ƙwai zai faɗi. Amfanin taima kenan, ba ta mantuwa ba ta makara.

4. RUWAN KIFI: TANKI SHI NE BATIRINKA

Masu kifi, yawancin manku a jan ruwa yake tafiya. Sumo mai ƙarfin doki ɗaya yana cin kusan wat 750, amma lokacin tashi yana fizgar ninki uku ko fiye. Shi ya sa ƙaramar inbata take yin ƙara ta ɗauke da an kunna shi.

Dabarar ita ce kada ka adana wuta, ka adana ruwa. Akwai sumon sola na DC da ake haɗawa da fanel ta kwantirolarsa, ba batir ba inbata. Rana ta fito ya fara ja, rana ta faɗi ya tsaya. Ruwan ya hau tankin sama, da safe ko da dare ka buɗe famfo ya gangaro da kansa. Batir yana gajiya cikin 'yan shekaru, tanki kuwa in ba fashewa ya yi ba yana nan.

Girman tankin ma lissafi ne. Kandamin tamfol mai mita 3 tsawo, mita 3 faɗi, ruwa zurfin mita 1, yana ɗaukar lita 9,000. In kana canza kashi ɗaya cikin uku, lita 3,000 kenan. Kandami biyu, 6,000. Ka ƙara wani abu a kai saboda ranar hadari da damina ko ranar da hazo ya rufe rana.

Kafin nan, rage ruwan da kake ja:

• Abincin da ya wuce ƙima shi ne babban mai ɓata ruwa. Ka ba su abin da za su cinye cikin minti 10 zuwa 15. Ragowar da ta nutse ka biya kuɗinta sau biyu, a shagon abinci da a gidan mai.
• Magudanar kandami ta riƙa jan ruwa daga ƙasa, inda dattin yake kwanciya.
• Siririn bututu mai lanƙwasa da yawa yana wahalar da famfo. Faɗaɗa bututun, rage gwiwoyin.
• Ruwan burtsatse yana fitowa da ƙarancin iskar da kifi ke shaƙa. Ka bar shi ya zubo daga sama yana fantsama, ya ɗauki iska kyauta.
• Ruwan da ka zubar taki ne. Juya shi kan alayyafo, tumatir ko ayaba.

Sannan ka san kifinka. Tarwaɗa tana iya tasowa ta shaƙi iskar sama, don haka in ba cunkoso ka yi ba, ba lallai sai da injin hura iska ba. Karfasa ba ta da wannan baiwar, kuma a kandamin da ruwansa ya yi kore iskar ta fi ƙaranci gab da asuba. Mai karfasa da yawa, da mai ƙyanƙyasar 'ya'yan kifi, su ne suke buƙatar batir na dare.

5. GININ DA YA YI DAIDAI YA FI FANKA GOMA

Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40. Kaza ba ta gumi, haki take yi, buroila mai nauyi kuma ita ce ta fara faɗuwa. In ba ka yi gini ba tukuna, ka miƙar da tsawon ɗakin daga gabas zuwa yamma, don rana ta bi ta saman rufi maimakon ta shigo ta raga. Ka ɗaga rufin, ka bar kafar fitar zafi a ƙololuwa, bangon gefe ya zama gajere, sauran duk raga.

In ka riga ka gina, shafa wa kwanon farin fenti ko ka shimfiɗa masa ciyawa ko zana a sama. Tankin ruwan shansu ka yi masa rumfa, don kaza ba ta son ruwan ɗumi, in ta rage sha kuma ta rage ci. Ka mayar da babban abincinsu sassafe da yamma. Bayan duk wannan ne fankar sola za ta yi tasiri, ita ma aikinta da rana ne, lokacin da fanel yake kan ganiyarsa.

6. INA BATIR YA CANCANCI KUƊINSA?

Inda ɗaukewar wuta take nufin asara nan take. Injin ƙyanƙyasa yana son kusan digiri 37.5 ba yankewa har kwana 21. Haka injin iska na 'ya'yan kifi, haka firizar mai sayar da kaji yankakku. A nan kada ka yi rowa, kuma kada ka sayar da janaretonka, ajiye shi don ko-ta-kwana.

Fanel kuma ya fuskanci kudu, a ɗan karkace kamar digiri 10 zuwa 15, da tazara a ƙarƙashinsa don iska ta ratsa, saboda zafi yana rage masa ƙarfi. Inuwar reshe ɗaya kan gefensa tana iya karya wutar layin gaba ɗaya. Da hunturu a goge shi da ruwa da tsumma mai laushi ko sau biyu a sati, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. Kusa da ɗakin kaji ƙura ta fi yawa, sai an fi kula.

JERIN YADDA ZA KA KASHE KUƊIN

Na farko, abin da kusan kyauta ne: labule, kewayen tsaki, daidaita abincin kifi, toshe yoyon bututu. Na biyu, ƙwan LED da taima. Na uku, ƙaramar solar haske. Na huɗu, tanki da sumon sola. Babbar inbata da tulin batira su ne na ƙarshe, in har lissafi ya nuna ana buƙatarsu. Wanda ya fara daga ƙarshe, sau da yawa kuɗin abincin kaji yake taɓawa, a wayi gari ga fanel a kan rufi, buroila suna sati huɗu ba buhu ko ɗaya a sito.

AIKIN GIDA

Ɗauki littafi na kwana bakwai. Rubuta kowane kayan wuta da ke gonarka, wat ɗinsa, da awannin da ya yi aiki. Rubuta litar man da ka saya da gawayin da ka ƙona. Wanda bai fara kiwo ba ya rubuta na gonar da yake shirin yi. Ranar da za ka je wurin mai sola, ka je da wannan takardar a hannu, ka ce ya yi maka lissafi a kanta. Duk wanda ya yanka maka farashi bai tambayi me za ka kunna ba, nemi wani.

Wanda ya gama nasa ya ajiye mana jimillar a ƙasa tare da adadin kajinsa ko kifinsa, za mu ɗauki wasu mu warware su tare a darasi na gaba, in sha Allahu. Allah ya sa albarka a kiwo.