Yadda Ake Fitar da Fata daga Kano Zuwa Ƙasashen Waje

Kawuna ya shafe sama da shekara talatin yana bin kasuwannin ƙauye yana sayen fatun awaki da tumaki, yana kawo wa kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa. Da hannu yake gane fata. Ya murza ta, ya ɗaga ta ta fuskanci rana, nan take ya gaya maka ko wuƙar mahauci ta shafe ta. Amma ranar da ɗansa ya zo da labarin wani mai saye a Italiya da ke son a riƙa aika masa kai tsaye, sai ya aika a kira ni. "Ɗana, kai ka san harkar takardu. Ta ina ake farawa?" Na ce, "Kawu, ta can inda kayan za su sauka. A fara tambayar mutumin me ƙasarsu ke buƙata, kuma ya rubuto a rubuce."

Har yau shawarar da nake bai wa kowa ke nan. Sharuɗɗan lafiya na ƙasar da za ta karɓi kaya ne, ita ke gindaya su, kuma ba ta sassauta wa kowa don ya riga ya yi lodi. Mutanenmu da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin wulaƙanci, alhali akwai dalili. Fata takan ɗauko cuta. Ƙwayar ciwon saifa tana iya kwanciya a busasshiyar fata ko a cikin ƙasa shekaru da dama ba ta mutu ba. A 2006 wani mai haɗa ganguna a birnin New York ya kamu da ita daga fatun awakin da ya shigo da su daga Afirka ta Yamma. Mu ma a nan, a Yulin 2023 an tabbatar da ɓullarta a wata gona da ke Suleja, a daidai lokacin da hukuma ke gargaɗin mutane kan cin ganda. Ita kanta Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya, wadda ƙasashe ke bin ƙa'idojinta, an kafa ta a Paris a 1924 bayan da wasu shanu da aka ɗauko daga Indiya za a kai Brazil suka bar cutar bushiya a tashar Antwerp ta Beljiyam a 1920.

Shi ya sa Tarayyar Turai ta bambanta ɗanyar fata da jemammiya. Ɗanya sai ta sha gishiri na aƙalla kwana 14 kafin a ɗauko ta, ko ta bushe kwana 42 a zafin da bai gaza digiri 20 ba, sannan likitan dabbobi na gwamnati ya sa hannu. Wadda ta gama shan jima kuwa an sauƙaƙa mata, domin jima tana kashe mafi yawan abin da ake tsoro. Wasu ƙasashen sukan nemi shaidar likita ko da fatar jemammiya ce.

Mataki na biyu shi ne a duba abin da ƙasarmu ta hana fita, kuma a nan ne Kawu ya yi shiru. A jerin kayan da kwastan ta Najeriya ta haramta fitarwa akwai ɗanyar fata da ƙirgi, har da shuɗiyar nan mai danshi da 'yan kamfani ke kira wet-bulu, wadda ta sha jimar farko ba a ƙarasa ta ba. Ke nan fatun da ke jibge a shagonsa cikin gishiri ba su da hanyar fita sai sun bi ta majema an gama musu aiki. Ni ina goyon bayan wannan doka. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi ƙarnuka tana ratsa hamada ana sayar da ita a Turai da sunan fatar Maroko, wasu na cin suna da riba. Idan za ta fita yau, ta fita bayan majemi da baduku da lebura sun ci abinci a kanta. Abin da ke damuna kawai shi ne a hana mutum fitar da ɗanya, a kuma bar kamfanin jima da janareto da tsadar gas.

Akwai fatun da ma ba a kusantarsu. Nijar ta hana fitar da jakuna tun 2016, kuma a Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a daina yanka jakuna don fatarsu. Fatar kada da mesa da guza tana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta kare namun daji, sai da izini na musamman daga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. Jaka guda ta fatar mesa a cikin kwantena ta isa ta sa a riƙe kayan gaba ɗaya.

Daga nan sai a koma kan fatar kanta, kuma wannan ne ɓangaren da na fi so a daɗe a kansa, don duk takardar da za a rubuta daga baya shaida ce kan abin da aka yi a kwata. A sayi fata daga mayankar da likita ke duba dabba kafin yanka da bayan yanka. Fatar mushe, komai arharta, a bar ta. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya jini na fita ta hanci da baki, ko fiɗe ta bai kamata a yi ba. Wajen fiɗa, gwanin mahauci da dunƙulen hannu yake ture fatar akuya, wuƙa sai a wuya da ƙafafu. Na taɓa tsayawa ina kallon yaron Kawu yana sa gishiri: ya shimfiɗa fatar gashi a ƙasa, ya kankare kitse da guntayen nama, ya watsa gishiri ya bi da tafin hannu har gefe-gefe, inda take naɗewa ta fara ruɓa ba a sani ba. Wannan aiki cikin 'yan sa'o'i bayan yanka ake yinsa. Idan aka bari ta kwana, gashi ya fara zuba, to ta tafi. Shanya a ƙasa cikin tsakar rana ma ɓarna ce, waje ya ƙone ciki bai bushe ba. Sai a ware masu tabon kirci da ƙazuwa da cizon kaska da lalas, domin duk za su fito fili bayan jima.

A kuma buɗe littafi: ranar saye, kasuwa ko mayanka, adadi, ranar sa gishiri. Kawu da ka yake riƙe lissafinsa, kuma bai taɓa ɓata ba, amma jami'i ba ya duba kan mutum. In fatun daga Nijar suke, kamar na jar akuyar Maraɗi da ke shigowa ta Jibiya ko Maigatari ko Illela, to shigo da kaya ne sosai: ana neman izinin shigowa daga sashen likitocin dabbobi na tarayya tun kafin a taso, da shaidar likita daga can, sannan jami'an NAQS, hukumar da ke tsare iyaka daga cututtukan dabbobi da tsirrai, su duba a bakin boda. Fatar da ta biyo hanyar fasa-ƙwauri ba ta da asali a takarda, kuma wannan giɓin yakan biyo ta har bakin ruwa.

A majema a gaya musu tun farko inda kayan za su. Turai ba ta yarda sinadarin kurom mai guba ya kai miligiram 3 a kowane kilo na fatar da za ta taɓa jikin mutum ba, ta kuma hana wasu nau'o'in rini. Mai saye zai nemi sakamakon gwaji, don haka a yanki samfur a kai ɗakin gwajin da ya aminta da shi kafin a ɗaure kaya. Cibiyar binciken fata ta NILEST da ke Zariya wuri ne na neman shawara. Jimar bagaruwa irin ta majeman cikin birni ba ta da wannan matsalar ta kurom, kuma tana da masu sonta a waje, sai dai a kula da wari da danshi.

Takardun kasuwanci ba su da wuyar fahimta, jere kawai suke so. Rajistar kamfani a CAC da lambar haraji. Takardar shaidar mai fitar da kaya daga hukumar NEPC. Asusun kuɗin waje a banki. Da rasiɗin farashi na farko da aka yi yarjejeniya a kansa za a cike fom ɗin NXP ta intanet, banki ya tantance. A biya kuɗin duba kaya na NESS, kashi 0.5 cikin ɗari na darajar kayan, sannan kamfanin duba kaya da gwamnati ta naɗa ya zo ya ga adadi da inganci da farashi ya ba da shaidarsa. A karɓi takardar asalin kaya ta hannun ƙungiyar 'yan kasuwa da masana'antu. In ƙasar mai saye ta nemi shaidar likitan dabbobi, a nema da wuri, don sai an zo an ga kayan ido da ido, kuma kalmomin da ke cikinta sai sun dace da waɗanda can suka tsara.

Wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne lambar kaya. Kwastan na duniya duka da lamba suke magana, kuma fata tana babi na 41: ɗanyar ta tumaki 4102, ta awaki 4103, gamammiyar ta tumaki 4112, ta awaki 4113. Jaka tana babi na 42, takalmi na 64. Wani abokin ɗan Kawu ya haɗa fatun tumaki da na awaki a lodi guda, ejan ɗinsa ya rubuta su duka da lamba ɗaya don sauri. Da aka buɗe aka ga saɓani, kwantenar ta yi makonni a ajiye, kuɗin ajiya na hawa kullum, jirgin da aka yi alkawari ya tafi. Ba wanda ya yi niyyar cuta a ciki. Tun daga ranar nake cewa a baje takardun duka a kan tabarma, a bi su ɗaya bayan ɗaya: sunan kaya, lamba, nauyi, yawan ƙunshi, sunan mai karɓa. Harafi ɗaya in ya bambanta, a gyara kafin mota ta tashi.

Ranar lodi a leƙa cikin kwantenar da kyau. A shiga a rufe ƙofa a ga ko haske na shigowa ta wani rami. Fata na shan danshin teku ta yi fumfuna, saboda haka a ɗora ta kan katako, a sa jakunkunan tsotse danshi. Katakon ma sai wanda aka gasa aka buga masa hatimi. Kwastan su duba, a sa sil, a rubuta lambarsa a takarda. Tun da aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki a Janairun 2023, akwai damar a yi wannan a Kano, ko da yake da yawa har yanzu Legas suke kai kayansu, su bi ta Apapa ko Tin Can. Samfur da ƙananan kaya kuwa ta filin jirgin Malam Aminu Kano ake aika su.

In jirgi ya ɗaga, kamfaninsa zai ba da takardar lodi. Ita da sauran takardun ake aika wa mai saye, galibi ta banki, don ya fanshi kayan a can. Saura kuɗi: Babban Banki ya ba da kwana 180 daga ranar takardar lodi a dawo da kuɗin cikin asusun da aka buɗe fom da shi, in ba haka ba a rufe wa mutum ƙofar fitar da kaya.

Kawu bai fara da kwantena ba. Fata ɗari biyu ya zaɓa da hannunsa, aka jeme su, aka aika ta jirgin sama. Da daddare na same shi a zaure da sabon littafi mai bango ja, jikarsa na riƙe masa fitila, yana faɗa ɗansa na rubutawa: kasuwar da aka saya, rana, adadi.