Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai: Yadda Ake Gwada Maganin Ciwo Mai Wari

Ya ku 'yan kasuwa da iyayen gida, ku sani cewa akwai wasu ƙwayoyin cuta da iska ke halaka su. Mazauninsu shi ne inda iskar oksijin ba ta kaiwa: cikin hanji, gindin haƙori, rauni mai zurfi, gyambon mai ciwon sukari, da mahaifar da ta kamu bayan haihuwa ko ɓari. Babbar alamarsu ita ce mugunya mai ɗoyi.

Ba kowane antibayotik ke cin su ba. Allurar gentamicin ba ta shiga jikin ƙwayar cuta sai da taimakon oksijin, don haka ba ta taɓa su. Metronidazole, wanda kuka sani da Flagyl, yana kashe mafi yawansu, amma wasu sun fara bijire masa. Wannan ne dalilin gwaji.

Ma'aikacin lafiya yakan zuƙo mugunyar da sirinji daga can cikin ciwon, ya rufe ta, a garzaya da ita ɗakin gwaje-gwaje, domin in ta sha iska ƙwayoyin za su mutu. A can sai a shuka ta a faranti, a sa cikin tulun da aka cire wa oksijin, a jira aƙalla awa 48. Bayan sun tsiro, akan ɗora musu siririyar takarda mai ɗauke da magani, daga kaɗan zuwa mai yawa. Inda suka daina yaɗuwa shi ke nuna ko maganin zai ci su. Aikin kan ɗauki kwanaki, shi ya sa likita ke fara magani, ya fitar da mugunyar, sannan ya sauya in sakamako ya nuna haka.

Ga naku aikin. Kada ku sha kafso daga hannun mai talla kafin a ɗauki mugunyar, domin yana iya hana ƙwayoyin tsiro, gwaji ya tashi a banza. In kun riga kun sha, ku kawo kwalinsa. In fatauci zai ƙetarar da ku iyaka, tsakanin Jibiya da Maraɗi ko Illela da Ƙwanni, ku riƙe takardar sakamako da ta magani. Ku sha magani yadda aka umarta, kada ku raba da maƙwabci. In kumburi ya ƙaru ko zazzaɓi ya ƙi sauka, ku koma asibiti a ranar.